Me ya hana muryar Caruso tsallake gari guda a 1910?

Ɗan_Fagge:

Assalamu alaikum. Akwai abin da ya ɗaure mini kai a tarihin rediyo. A Disamba 1901 Marconi ya aika saƙon waya-babu-waya daga Poldhu a Ingila har zuwa Newfoundland, tafiyar fiye da kilomita 3,000 a kan teku. Amma ran 13 ga Janairu 1910, da Lee de Forest ya watsa wasan opera (wasan kwaikwayo da ake yi da waƙa) daga gidan Metropolitan na New York, Enrico Caruso na rera waƙa, waɗanda ke cikin garin ma ƙugi da shuu suka fi ji. Ina aka samu matsala? Ƙarfin wuta ne ya yi kaɗan, ko kuwa? Sannan yaushe ne aka fara jin kiɗa a rediyo kamar kiɗa? Masana a taimaka.

Injiniya_Mai_Ritaya:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba ƙarfin wuta ba ne. Na'urorin biyu ba aiki ɗaya suke yi ba.

Ta Marconi da tartsatsi take aiki. Wuta ta taru, ta yi tsalle tsakanin ƙarfe biyu, igiyar rediyo ta fita da ƙarfi, nan take ta mutu, sai wani tartsatsin ya biyo. Ga saƙon Morse wannan ya wadatar, tun da abin da ake so a gane kawai shi ne akwai ƙara ko babu. Harafin S ma kaɗai aka aika a 1901, ɗigo uku. Murya kuwa sai an ɗora ta a kan igiyar da ba ta yankewa, wadda ƙarfinta zai riƙa hawa da sauka daidai da hawa da saukar sauti. In ka ɗora waƙa a kan tartsatsi, kamar ka yi rubutu a kan ruwan da ke tafasa ne.

Kafin bawul (ƙwan gilashi mai kama da ƙwan fitila, da ke sarrafa wutar rediyo) ya zo, hanya biyu ake samun igiyar da ba ta yankewa. Ɗaya janareta ce mai gudun tsiya, irin wadda Ernst Alexanderson ya ƙera wa Reginald Fessenden a kamfanin General Electric, wadda ya gwada magana da ita a Brant Rock a Disamba 1906. Ɗayar ita ce harshen wuta irin na walda, dabarar Valdemar Poulsen ɗan ƙasar Denmark: sandar gawayi a gefe guda, ta tagulla da ruwa ke sanyayawa a ɗaya gefen, a cikin akwati mai iskar haidurojin, maganaɗisu ya ratsa ta. Irin wannan wutar de Forest ya yi amfani da ita a 1910. Aibinta, ba ta tsayawa cik. Gawayin na cinyewa, tazarar na canzawa, zangon ya goce, ga shuu ɗin wutar kanta yana bin waƙar duk inda ta je.

Babban ciwon kai dai makirufo ne. Babu na'urar ƙara sauti a lokacin, don haka a yawancin tashoshin farko makirufon a kan wayar eriya yake zaune, duk wutar da za ta fita sararin sama sai ta ratsa ta cikinsa. Shi kuwa ɗan gwangwani ne cike da ƙwayoyin gawayi, faifan ƙarfe siriri na matsa su in an yi magana. Wuta ta yi yawa, ƙwayoyin su yi zafi su manne da juna, sauti ya dushe. Shi ya sa Charles Herrold a San Jose ya haɗa gwangwanaye da yawa a makirufo guda don su raba wutar, ya kuma zagaya masa ruwa. Ko da lafiyarsa ƙalau, makirufon tarho abin da ke tsakanin kimanin 300 da 3,000 na girgiza a daƙiƙa yake ɗauka. Piyano kuwa daga 27 take farawa, ta wuce 4,000. Ka ga duk kaurin kiɗan ya zube a hanya.

Bawul mai ƙafa uku ne ya warware wannan. De Forest ɗin ne ya ƙirƙiro shi a 1906, amma sai wajajen 1912 zuwa 1913 aka gane yana ƙara sauti, yana kuma iya samar da igiya mai tsabta da kansa. Daga nan makirufo ya huta: ƙaramar wuta kawai yake ɗauka, bawul ya yi sauran.

Malama_Tarihi:

Injiniya ya gama magana a kan na'ura. Ƙari ɗaya: labarin cewa Fessenden ya kaɗa goge a rediyo daren jajiberin Kirsimeti na 1906, a riƙe shi da hannu biyu, don masana tarihi na jayayya a kansa. Shekaru da yawa bayan nan aka fara ba da labarin.

Amsar tambayarka ta biyu, 1920. Ran 15 ga Yuni jaridar Daily Mail ta biya Nellie Melba fam 1,000 ta rera waƙa a masana'antar Marconi da ke Chelmsford, a kan mita 2,800, ƙarfin kilowat 15, aka ji ta har Faransa da gaba da nan. Makirufon nata bakin tarho ne aka yi masa mazurari da katakon akwatin sigari. Abin da ya bambanta ta da Caruso, ita tana tsaye wuri guda, bakinta na fuskantar makirufo, piyano ɗaya ke raka ta. Shi kuwa yana kai-komo a kan dandamali, makaɗa cike da ramin da ake zaunar da su a gaban dandamalin.

Opera ita ce ƙarshen wahala saboda haka. Mawaƙi ya juya baya, murya ta ɓace. Ya matso, ya ɗaga murya, gawayi ya cika ya fashe da kururuwa. In an ajiye makirufo a bakin dandamali inda fitilu suke, takun sawu da muryar mai tuna wa 'yan wasa baitoci sun fi komai fitowa. Duk da haka mutane sun yi ta gwadawa. Ran 27 ga Agusta 1920, Enrique Susini da abokansa uku suka watsa Parsifal na Wagner daga rufin gidan wasa na Coliseo a Buenos Aires da 'yar na'ura mai wat 5. A Nuwamba 1921 tashar KYW ta Chicago ta buɗe, kuma a kakarta ta farko kusan opera kaɗai take watsawa. Dabararta ita ce makirufo da yawa a warwatse, mutum guda ya zauna yana kallon wasan, yana sauya wanda ke aiki gwargwadon inda mawaƙi ya nufa. BBC ta bi sahu ran 8 ga Janairu 1923 daga gidan opera na Covent Garden a Landan, da wasan Mozart, ta layin tarho zuwa tasharta mai suna 2LO.

Layin tarhon ma da nasa halin. In ya yi tsawo yana cinye siraran sautuka, sai an sa masa na'urar daidaitawa a ƙarshe. Daga baya kuma aka riƙa zaunar da wanda ya iya karatun takardar kiɗa a gaban maɓallin ƙara: ya rage kafin a kai wurin da makaɗa za su ɓarke, ya ƙara in an zo wurin sanyi don kada shuu ya haɗiye shi. In ya jira sai ya ji da kunnensa, ya makara.

Sai ɗaki. A 1921 KDKA ta Pittsburgh ta ga amsa-kuwwar zaure na dagula kiɗa, ta kafa tanti a kan rufi, makaɗa suka shiga ciki. Iska ta yi awon gaba da tantin, aka koma cikin gini, aka lulluɓe bango da algarara. A Savoy Hill da ke Landan, inda BBC ta koma a 1923, an yi lulluɓin har ya wuce gona da iri, mawaƙa na kukan ba sa jin kansu. Ƙarshenta sai da aka ware wani ɗaki fayau, ana zuba sauti ciki a sake ɗauka, don a mayar wa kiɗan da amon da aka kashe.

Mai_Gyara_Sabongari:

Allah Ya ƙara basira, Malama. Amma kada a ɗora wa tasha laifin duka, a duba abin da ke hannun mai saurare. Akasarin mutane a farkon shekarun 1920 rediyo marar batir gare su. Ana naɗa wayar tagulla zagaye 80 zuwa 100 a kan bututun kwali mai faɗin inci 3, a ɗaga eriya (a Ingila doka ta tsayar da ita ƙafa 100), a ɗaure wayar ƙasa a bututun ruwa. Zuciyar rediyon kuwa gutsuren dutsen galena ce, wato dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa a yi tozali. Siririyar waya ake lalubawa a kansa har a dace da gurbin da ke kama tasha. Wani ya buga ƙofa, wayar ta goce, a sake lalube. In an taɓa dutsen da hannu mai maiƙo ya daina kamawa, sai an wanke da barasar asibiti ko an fasa an samu sabuwar fuska.

Babu lasifika, sai abin sawa a kunne mai om 2,000 ko sama, wanda shi ma faifan ƙarfe ne irin na tarho. Ko tasha ta aiko da kaurin ganga, nan zai tsaya. Masu rediyon bawul ɗaya kuma in suka murɗa ya wuce kima, rediyon ya koma tasha, ya cika wa duk unguwa kunne da fito. A Amurka ƙari a kan haka, a 1922 kusan duk tashoshin nishaɗi a kan mita 360 aka tara su, dole su riƙa karɓa-karɓa da awoyi.

Ɗan_Fagge:

Na gode ƙwarai, malamaina. Ke nan jawabi bai sha wannan wahalar ba?

Malama_Tarihi:

Ta fuskar na'ura bai sha ba, tun da makirufon don magana aka yi shi tun asali. Matsalarsa mai maganar ne. Wanda ya saba da taro sai ya zo yana ɗaga murya kamar yana kiran na bayan zaure, alhali mai saurarensa mutum ɗaya ne da abu a kunne. Ga motsin takarda, wanda a kunnen ke fita kamar ana yage tufa. Ran 14 ga Nuwamba 1922, da Arthur Burrows ya karanta labaran BBC na farko, sau biyu ya karanta, ɗaya da sauri ɗaya a hankali, don masu rubutawa su samu. Jaridu kuma sun sa an hana BBC labarai kafin ƙarfe 7 na yamma, gwamnati kuma ta hana ta taɓa batutuwan da ake jayayya a kai har zuwa 1928.

Hilda Matheson, wadda ta riƙe sashen jawabai daga 1927, ita ta dage a kan cewa rubutun da za a karanta a rediyo ba maƙala ba ce. A rubuta shi, a zo a gwada da baki, duk jimlar da numfashi bai kai ta ba a datse ta, a sake rubutawa da kalmomin da mutum zai faɗa wa maƙwabcinsa.

Injiniya_Mai_Ritaya:

Gyara kaɗan a kan makirufo, Malama. Daga 1923 BBC ta fara barin gawayi a sitidiyo zuwa wani mai maganaɗisu na Marconi da Sykes: naɗin wayar alminiyom marar nauyi, a liƙe da man basilin a kan auduga, a gaban maganaɗisun da ke shan wutar batir. Nauyinsa ya sa a kan keken tura shi ake yi. In sitidiyo ya yi zafi basilin ya saki, naɗin ya zame, sai an tsaya an gyara masa zama kafin a ci gaba da shiri.