Musayar Waƙa: Kowa Ya Wasa Garinsu

Jagora:
Salamu alaikum 'yan uwa. Gasar wannan mako ta yabon gari ce. Amsa-amo ya faɗa kan "ri". Kirari kaɗai ba zai ci gasa ba, sai an nuna mana abin da ido ya gani. Bismillah.

Bakano:
Da sunan Allah zan buɗe fage,
Kano ta Dabo nake wa kirari.
Ku zo Ƙofar Mata da sassafe,
Ku ga ramukan baba a jeri.
Tsoho ya tsoma, ya ɗaga, ya matse,
Hannu ya yi shuɗi, ya bar fari.
Can gefe mabuga suna ta bugu,
Sai yadi ya yi ƙyalli da tauri.
Kurmi tun zamanin Rumfa take ci,
Har yau fatake na zuwa sari.

Bakatsiniya:
Yaya Bakano, mun ji batun ciniki,
Ɗakin Kara kuwa gidan nazari.
Hasumiyar Gobarau ginin ƙasa ce,
Ta sha damina da iskar hadari.
Sardauna a nan ya yi kwaleji,
Da Balewa, tambayi masu labari.

Ɗan Damagaram:
Ku haye iyaka, 'yan uwana,
Hausa ba ta san shinge ba a sarari.
Sarki Tanimun ya ja ganuwa,
Ya ƙera igwa don tsaron gari.
Mu ne fadar Nijar har 1926,
Sannan Yamai ta karɓi tambari.

Bakabe:
Ni nawa yabon a ruwan Argungu yake,
Matan Fada, kogin alheri.
Tun 1934 ake bikin kamun kifi,
Sulhu da Sakkwato ne mafari.
Da jin bindiga sai a faɗa,
Da koma da gora, kowa da sauri.

'Yar Ƙauye:
Malam, ni ba mu da ganuwa,
Ba fada, ba kakaki, ba tambari.
Kuka ɗaya ce a bakin rijiya,
Nan mata ke sussuka da wuri.
Rumbunmu ke ciyar da biranenku,
Ko za a sa mu cikin tsari?

Jagora:
Ƙwarai kuwa ƙanwata, kin shiga, baitin kukar nan ya ratsa ni. Zazzagawa da Sakkwatawa, ku muke jira. Za a rufe karɓa ranar Juma'a bayan La'asar.