Ganyen calla lily ɗina duk ya zube, a taimaka

Maman Ilham, Barnawa:
Salam jama'a. Calla lily ɗina (wani furen ado ne) da ke cikin tukunya a baranda cikin sati ɗaya ganyen ya yi rawaya ya kwanta, jiya na ɗan taɓa ɗaya kawai ya tsinko daga gindi, kuma wallahi kullum safe da yamma nake ba shi ruwa. Me ya same shi?

Baban Sadik:
Hajiya ai ruwan ne ya yi yawa, ga ruwan Agusta na Kaduna kuma kina ƙara masa. Ki zazzage tukunyar ki duba ƙasan, yana da kai kamar na gwaza don dangi ɗaya suke, in kin matsa kin ji ya yi lugub yana wari to ya ruɓe, ki yanke ruɓaɓɓen da wuƙa mai tsabta ki bar shi a inuwa kwana 2 ya sha iska, sannan ki sake dasawa a sabuwar ƙasa da kika gauraya da yashi. Tukunyar tana da huda a ƙasa kuwa?

Maman Ilham:
Kai, babu huda ko ɗaya fa.

Anti Rabi, Malali:
To ga matsalar nan. Amma in kan da tauri yake kar ki zubar, bayan ya gama fure yakan zubar da ganye ya huta wata 2 zuwa 3, nawa ma haka ya yi har na fidda rai sai ga tsiro. Ki kau da shi daga yara, ruwan jikinsa na sa ƙaiƙayin baki.