Kwamfutar hannu ga dattijon da ganinsa ya yi rauni: yaya za a haɗa tsaro da sauƙi?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ganin mahaifina ya yi rauni, hannunsa kuma yana ɗan rawa, shi ya sa na sama masa kwamfutar hannu mai Android, tun da allonta ya fi na waya faɗi. Buga lambar sirri yana ba shi wahala ƙwarai, har yana neman in cire makullin gaba ɗaya, alhali manhajar bankinsa da saƙonninsa duk suna ciki. Ga kuma jikokinsa, da kan karɓa su yi kallo, su dawo masa da ita a hargitse. Wace shawara za ku ba ni?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Don Allah kada ka cire makullin, domin duk wanda ya tsinci na'ura a buɗe zai iya shiga akwatin imel, daga nan kuwa ake sauya kalmar sirrin kusan kowane asusu. Idan na'urar tana karanta zanen yatsa, ka yi masa rajistar yatsa fiye da ɗaya, saboda fatar yatsun dattawa takan bushe, na'urar ta kasa gane ta. Duk da haka sai ya riƙe lambar a ka, don za a nemi ita duk lokacin da aka kashe na'urar aka sake kunnawa. Ni dai na fi son lambar sirri mai lambobi shida: mai lambobi huɗu haɗi 10,000 kawai take bayarwa, shida kuwa 1,000,000. Ka kuma tabbatar an kunna hidimar Google ta nemo na'urar da ta ɓata, wadda ke ba ka damar kulle ta ko goge abin da ke cikinta daga nesa.

Amsa ta biyu:
Batun ganin nasa shi ne ya fi damuna, domin a nan mutane suka fi yin gaggawa. Da yawa sukan kunna TalkBack, wato manhajar Android da ke karanto abin da ke allo da murya, da zarar an ce ido ya yi rauni, amma an yi ta ne musamman don wanda ba ya iya dogara da ido sam, kuma tana sauya yadda ake taɓa allo: taɓawa ɗaya tana karanto sunan abu ne kawai, sai an taɓa sau biyu yake buɗewa. Na ga dattijuwar da aka kunna wa ita ba tare da bayani ba, tana ta danna hoton jikarta, na'ura tana ta magana, har ta ajiye ta tana cewa ta lalace. Ga wanda yake gani ko da kaɗan ne, ka fara da ƙara girman rubutu da kaurinsa, sannan ka kunna madubin ƙara girma. Akwai kuma Select to Speak, wadda ke karanta masa abin da ya zaɓa kaɗai. Game da rawar hannu, ka tsawaita lokacin da na'ura ke jira kafin ta ɗauki taɓawa a matsayin dogon dannawa.

Amsa ta uku:
Maganin jikoki yana da sauƙi. Yawancin kwamfutocin hannu na Android suna ba da damar buɗe wa wani mutum ɓangarensa daban, da manhajojinsa, ba tare da ya ga na mai ita ba. Idan aron ɗan lokaci ne, tun daga Android 5.0 na shekarar 2014 ake iya kafe manhaja guda a allo. Ka dai saita ta yadda sai an buga lambar sirri kafin a fita. Masu iPad suna da irinta, sunanta Guided Access.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ƙara girman rubutun, na kuma yi masa rajistar manyan yatsunsa biyu, har ya buɗe ta da kansa. Ɓangaren yaran ne ya rage, zan buɗe musu kafin su sake zuwa.