Likita ya ce a cire jijiyar haƙorin, yayata ta ce a tuge shi gaba ɗaya

Maman Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san abin. Wata uku ke nan turmina na ƙasa ta hagu yana damuna. Da farko sai na sha ruwan sanyi yake min zogi ya lafa. Daga baya ya koma ciwon dare, da zarar na kwanta sai in ji kamar zuciyata ta dawo cikin muƙamuƙi tana bugawa. Sau biyu ina shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya yi sauƙi ya dawo. Sai rana ɗaya ya daina ciwo ɗif, har na yi murna. Bayan kwana kaɗan wani ɗan ƙurji ya fito a dasashi yana fitar da mugunya.

Jiya aka ɗauki hoto. Likita ya nuna min baƙin tabo a ƙarshen saiwar, ya ce jijiyar ta mutu, za a yi min aikin cire jijiyar da suke kira rut kanal, zuwa biyu, sannan a sa wa haƙorin hula, wato murfin da ke rufe shi. Da na gaya wa yayata sai ta turo min bidiyo a WhatsApp, wai kashi 97 cikin 100 na masu ciwon daji an taɓa yi musu wannan aikin, wai haƙorin da aka cire wa jijiya gawa ce a cikin baki. Ta dage sai dai a tuge shi.

Akwai kuma abin da ban gaya mata ba. Ciwon hanta ne ajalin mahaifinmu, kuma tun daga lokacin nake tsoron duk wani ƙarfe da ya taɓa jinin wani. Shekarata 34, ba na son giɓi, amma ba na son in je neman lafiya in kwaso wata cuta. Don Allah wanda ya sani ya yi min bayani.

Ɗalibin Haƙori ya rubuta:

Wa alaikumus salam Yaya, sannu da jiki. Maganar bidiyon nan tana da asali, kuma asalin ya haura shekara 100. Wani likitan haƙori ne, Weston Price, da ya yi aiki a Cleveland ta Amurka. Yakan tuge haƙoran marasa lafiya ya dasa su ƙarƙashin fatar zomaye, in zomo ya kamu da ciwo sai ya ce haƙorin ne sanadi. A 1923 ya wallafa sakamakonsa, kuma a zamanin an tuge wa mutane haƙora masu yawa saboda irin wannan fahimta. Matsalar ita ce bai ware wasu zomayen na gwaji ba don a kwatanta, kuma da wasu masana suka maimaita aikin cikin tsabta ba su samu abin da ya samu ba. A 1951 mujallar ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta bi binciken daki-daki ta ajiye wannan ra'ayi. Shi kuwa kashi 97 ɗin, babu wani ingantaccen bincike da ya fito daga cikinsa.

Binciken da ni ya fi gamsar da ni shi ne na Kakehashi da abokan aikinsa a 1965. Sun huda haƙoran ɓeraye suka bar jijiyar a buɗe. Ɓerayen da aka raina a wurin da babu ƙwayar cuta ko ɗaya, jijiyarsu ta warke. Na yau da kullum kuwa, tasu ta mutu ta yi mugunya. Wato ƙwayoyin cuta ne matsalar, kuma yanzu haka suna cikin haƙorinki. Shi ya sa maganin da kika sha bai gama da su ba: jini ne ke kai magani, kuma jini ya daina shiga cikin ramin da jijiyar take. Aikin rut kanal shi ne a kwashe ruɓaɓɓen, a wanke ramin, a toshe shi.

Batun gawa kuma, saiwar tana nan riƙe da ƙashi ta wasu siraran zaruruwa masu rai da jini. Cikin ne kawai aka kwashe.

Anti Mai Tururi ta rubuta:

Ƙanwata, Allah ya jiƙan Baba. Tsoronki na biyu shi ne wanda na ɗauka da muhimmanci, domin shekara 11 ke nan aikina shi ne wanke kayan aikin haƙori da dafa su. Ba ki yi kuskure ba. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana 7 a busasshen jini a jikin ƙarfe tana da ƙarfin kama mutum. Kuma abin yana faruwa har a ƙasashen da ake ganin sun ci gaba: a 2013 a Tulsa ta Amurka sai da hukuma ta kira majinyata kusan 7,000 na wani asibitin haƙori su zo gwaji, aka kuma tabbatar ciwon hanta nau'in C ya tsallaka daga wani majinyaci zuwa wani.

To ga abin da za ki duba da idonki. Kayan ƙarfe su zo a cikin leda rufaffiya, a yage ta a gabanki. A jikin ledar akwai ɗan layi da ke sauya launi in ta shiga tukunyar tururi. Tukunyar nan ita ce komai: zafi digiri 134 na aƙalla minti 3, ko digiri 121 na tsawon lokacin da ya fi haka, ƙarƙashin matsi. Tafasa a ruwa ko goge ƙarfe da sifirit ba ya maye gurbinta. Shi kansa layin launin yana nuna zafi ya taɓa ledar ne kawai, don haka muke gwada tukunyar duk mako da wasu ƙwayoyi masu taurin rai, in sun mutu mu san tana aiki. Ki tambaya ko suna yin wannan. Wurin da ke yi ba ya jin haushin tambayar, ni kam daɗi nake ji in an tambaye ni, don ba kowa ya san akwai mai wannan aikin a bayan ɗaki ba.

Wanda aka fi yi wa sakaci shi ne kan injin da ke huda haƙori, mai ƙarar nan. Idan aka tsayar da shi yana iya zuƙo yawu da jini ciki, saboda haka dole a cire shi a dafa bayan kowane mutum ɗaya. Na taɓa aiki a wani wuri da guda biyu kacal gare su, ana gogewa da auduga a ci gaba. Na yi magana har na gaji, ƙarshe na ajiye aikin. Har yau abin yana min ciwo.

Sai shimfiɗar roba. Wani ɗan yanki ne da ake hudawa a zura haƙorin shi kaɗai, sauran bakin ya rufu. Tun 1864 Sanford Barnum ya ƙirƙiro ta a New York, amma har gobe wasu na tsallake ta don gaggawa. Tana hana yawu komawa ramin da ake wankewa, tana hana ki haɗiye ɗan siririn ƙarfen da ake sosa ramin da shi, tana kuma tare ruwan wankin, domin sinadarin irin na bilicin wanke farin kaya ne. Ni ba zan bari a yi min rut kanal babu ita ba.

Ki lura kuma ko ya sa sabuwar safar hannu a gabanki, sabuwar allura, sabuwar kwalbar maganin kashe zafi. Hoton da ake ɗauka kada ya dame ki, haskensa bai wuce kwatankwacin wanda jiki ke samu daga muhalli a yini guda ba. In ba a taɓa yi miki rigakafin ciwon hanta nau'in B ba, ki yi gwaji ki karɓa, allura uku ce.

Baban Amira ya rubuta:

Hajiya, ni nawa gargaɗin a kan hula ne. An yi min aikin lafiya lau, allura ta kama, ban ji komai ba sai gajiyar buɗe baki. Ciwo ya tafi, sai na yi ta ɗaga zuwa sa hular, yau gobe har wata 14. Rana ɗaya ina tauna na ji ƙas, haƙorin ya tsage har saiwa. Tuge shi aka yi. Yanzu na sama ya fara zubowa cikin gurbin, na gefe ya karkata, gefe ɗaya nake tauna.

Ɗalibin Haƙori ya rubuta:

Abin da ya sami Baban Amira akwai shi a bincike. A 2004 Salehrabi da Rotstein sun bi haƙora sama da miliyan 1.4 da aka yi wa aikin a Amurka. Bayan shekara 8 kashi 97 suna nan a baki, kuma cikin waɗanda aka tuge kashi 85 ba a sa musu hula ba. Wani abu kuma Yaya: in kika ga kumburi ya sauko ƙasan haɓa, ko zazzaɓi, ko haɗiya ta yi wuya, kada ki jira ranar da aka ba ki, ki tafi asibiti a lokacin.

Maman Biyu ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Anti, na kira su da safe na yi tambayoyinki. Matar da ta ɗauka ta ce suna da tukunyar kuma in na zo za ta nuna min littafin da suke rubuta gwajin. Da na ambaci shimfiɗar roba sai ta ce bari ta tambayi likita, ta dawo ta ce za a sa. Ranar Talata ne zuwan farko. Na tura wa yayata bayanin zomayen, ba ta ce komai ba tukuna, amma ta ce ita za ta raka ni.