Ina son shiga gasar motoci ta doguwar tafiya, Hajiyarmu ta ce ban isa ba

Ɗan Sabon Gari: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni bakanike ne a Sabon Garin Zariya, shekarata 31. Tun ina yaro marigayi Babanmu yake ba mu labarin motocin gasar Dakar da ya gani a Agadas lokacin da yake fataucin kanwa, abin ya zauna mini a rai. Yanzu ina da tsohuwar Land Cruiser da na tayar da hannuna, inji lafiya lau. Na san Dakar ta fi ƙarfina, amma na ji akwai Budapest-Bamako wadda ƙananan mutane ke shiga da motar da suke da ita. Kuɗin da na tara, gaskiya na aure ne. Da na faɗa wa Hajiya sai ta ce in dai ita ta haife ni ba inda zan je. Don Allah a ba ni shawara, ta ina zan fara?

Baban Khalil: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka fara da taswira. Gasar nan daga Budapest take tashi, a ƙasar Hangari, ta ratsa Turai, ta tsallaka Maroko, ta bi Muritaniya ta gangaro yammacin Afirka, tafiyar sama da kilomita 8,000. Motarka tana Zariya. Kafin ka taɓa sitiyari sai ka kai ta Legas an ɗora a jirgin ruwa, sannan ka nemi bizar Turai. Kuɗin auren zai ƙare a tashar jirgin ruwa, ba ka ga rairayi ko da ido ba.

Malam na Samaru: Ƙarin bayani kan abin da Babanku ya gani. An fara Dakar ne a Disamban 1978 daga Paris, wani Bafaranshe Thierry Sabine ya kafa ta, shi kansa a cikinta ya rasu a 1986, hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Mali. An soke ta 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya, ta koma Kudancin Amurka a 2009, daga 2020 kuma Saudiyya ake yin ta. Ka ga masu jirage da likitoci ma sun bar wannan hanyar. Halin da ake ciki yau a Mali da arewacin Nijar ba sai na faɗa maka ba.

Oga Kwangila: Ku bar ni da shi, sana'armu ɗaya. Ɗana, ka ce inji lafiya lau. Inji ba shi ke fara kasawa ba. Shokozoba ce ke fara yin zafi a hanyar gargada ta saki, sai lagireto, sai kuloci idan ka kafe a yashi kana ta danna totur. Na taɓa kafewa da Hilux a bakin wani rafi bayan Giwa, tayoyi huɗu duka suna juyawa, mota sai ƙara nutsewa take har cikinta ya zauna a ƙasa. Wani dattijo mai shanu ya zo ya tsaya yana kallona, ya ce in rage iskar taya. Na sace iska har taya ta baje kamar kwaɗo, muka tone gaba da shebur, muka shimfiɗa rassa, ta fito a giya ta biyu. Shekarata 20 ina kwance inji, ranar Bafulatani ya koya mini tuƙi. Ka tanadi safaya biyu, famfon iska, igiyar ja, filtar iska da fanbel na ajiya. Kuma ka nemi abokin tafiya mai iya karanta hanya, wanda ba za ku ɓata ba bayan kwana goma babu wanka. Wannan ya fi sabon inji wuyar samu.

Maman Ummi: Kowa na maganar taya, ba wanda ya taɓo Hajiya. Ita ba gasar take gani ba, ɗanta take gani a daji. Kada ka tsallake maganarta. Ita yarinyar da kake nema, ta san da zancen?

Auwalun Tudun Wada: Tunda shawara kake nema, kar ka manta allurar shawara, ba a tsallaka iyaka sai da katinta.

Baban Khalil: Auwalu ba ka rabo da tsiya. Amma gaskiya ne, har da fasfo da takardar inshorar ECOWAS. Ni dai na ce ya gwada kansa a gida tukuna. An sha haɗa gasar motoci da bikin kamun kifi na Argungu, ya sa ido ko za a sake.

Ɗan Sabon Gari: Na gode ƙwarai. Anti, ba ta sani ba, yau da daddare zan faɗa mata. Oga, Asabar zan kawo motar Kwangila ka duba mini ƙafafunta. Da na ce wa Hajiya Argungu kawai zan je, sai ta ce in taho mata da busasshen kifi.