Translation na lissafi ba fassara ba ce, to mece ce?

1. Jama'a, ina shirya darasin lissafi da Hausa sai na cije a kan kalmar translation. Ƙamus ya ce fassara. To wa ya taɓa fassara alwatika? Asalin kalmar daga Latin take, ma'anarta ɗauke abu daga nan a kai shi can. Faransanci ya raba gardama: aikin tafinta traduction, na lissafi translation. Larabawa kuma suna cewa insihabi ko izaha.

2. Ga abin da muke nema wa suna. A zana layin kwance da na tsaye su gitta juna, irin tsarin da ake dangantawa da masanin lissafi René Descartes tun littafinsa na 1637. A ɗora alwatika mai kusurwoyi a (1,2), (4,2) da (1,6), lambar farko taki ne a kwance, ta biyu taki a tsaye. A kai kowace kusurwa taki 3 dama, taki 2 ƙasa. Za su sauka a (4,0), (7,0) da (4,4). Gefunan suna nan 3, 4 da 5 yadda suke. Ba ta juya ba, ba ta kife ba, ba ta ƙara girma ba. Wurin zama kawai ta sauya.

3. Na fara da zamewa, na yar. Zamewa tsautsayi ce, wannan kuwa da gangan ake yi, da awo. Matsarwa ta yi kusa, amma ɗalibi na iya jin matsi a ciki, ya ɗauka siffar za ta tsuke. Turawa fa? A rubuce ba a bambanta ta da mutanen Turai, darasi ya koma raha.

4. Gusarwa ce ta kwanta mini. Wanda ya ce "gusar da tabarmar nan gaba" bai ce a naɗe ta ko a juya ta ba. Na san akwai gusar da ƙishirwa, wato kawar da ita ɗungum, amma da an ce "gusar da siffa taki 3 dama" shubuha ta kau.

5. Tana kuma haihuwa: siffa ta gusa, ɗalibi ya gusar da ita, kibiyar da ke nuna nisa da alkibla ta zama kibiyar gusarwa. Juyawa sai a bar wa rotation.

Masu cewa jirgawa, ku kawo ta cikin jimlar darasi mu gwada.