Ta ina zan fara koya wa ɗalibai tsarin kiristal?

Sabuwar Malama: Assalamu alaikum malamaina. An ɗora min darasin nazarin tsarin kiristal ga 'yan aji uku na kimiyyar sinadarai, mako huɗu kacal, kuma ba mu da na'urar eksire. Takardun da na gada sun buɗe ne da tsare-tsaren kiristal 7, sai raga 14 ta Bravais (hanyoyin da jeri ke maimaita kansa a fili), har zuwa rukunai 230 na daidaiton jerin atam. Ni kaina da nake ɗaliba hadda na yi, na juye a jarrabawa, na fito ban fahimci komai ba. Ba na son yaran nan su bi ta hanyar da na bi. A taimaka min da shawara.

Farfesa: Wa'alaikumus salam Malama. Ki ajiye takardun nan tukuna. Ranar farko ki shiga aji da buhun ƙwallayen tebur tanis da gam, ki raba su rukuni-rukuni, ki ce su jera ƙwallayen a matse iya matsewa. Hawa na ɗaya da na biyu ba gardama. A hawa na uku za ki ji aji ya kaure da musu, domin wuri biyu ne za a iya ɗorawa: ko kai tsaye bisa na farko, ko a ɗaya gurbin. Shi ke nan sun gano ABAB da ABCABC da hannunsu, kuma duka biyun kashi 74 cikin ɗari na fili suke cikewa. Daga nan ki sa su ƙirga atam nawa ke cikin ɗakin tushe (ƙaramin akwatin da ke maimaituwa ya gina kiristal) mai atam a kowane lungu da tsakiyar kowace fuska. Duk shekara sai na samu masu rubuta 14. Amsar 4 ce: na lungu ɗakuna takwas ke rabonsa, na fuska ɗakuna biyu. Wanda bai riƙe wannan ba, ko kin kai shi 230 ɗin wahalar banza ce.

Dakta: Ran Farfesa ya daɗe, na yarda. Zan ƙara da gishiri. Da shi ne masanan kimiyya Bragg, uba da ɗa, suka nuna a 1913 cewa babu wani abu wai molikul ɗin NaCl a cikin kiristal. Kowane sodiyam kulorin shida ke kewaye da shi, haka ma kulorin. Malama, rashin na'ura ba zai hana ki ba. Ki ba su alkaluma: tsawon zangon eksire na tagulla (λ) 1.54 Å ne (Å ɗaya kashi ɗaya cikin goma na nanomita ne), kuma babban tsinin da garin gishiri ke bayarwa a zanen eksire yana fitowa wajen 2θ = 31.7°. Su saka a dokar Bragg, nλ = 2d sinθ, su sami d (tazarar da ke tsakanin shimfiɗun atam) kusan 2.82 Å, su ninka biyu, ga gefen ɗakin tushe 5.64 Å. Ki sa ido, da yawa za su manta su raba kusurwar biyu kafin su ɗauki sin.

Sai ki ɗana musu tarko da KCl. Tsarinsa ɗaya da gishiri, amma tsinin da ake kira 111 kusan ɓacewa yake yi, saboda K⁺ da Cl⁻ kowanne elektiron 18 gare shi, eksire ba ya bambance su sosai. A nan ne ɗalibi ke gane cewa eksire elektiron yake gani, ba sunan atam ba. Daga baya in kin ce haidirojin na da wuyar gani, ba sai kin yi dogon bayani ba.

Mai Kula da Ɗakin Gwaji: Ni nawa na hannu ne. Tun makon farko su narka alif a ruwan ɗumi har ya ƙoshi, su rataya ɗan ƙwaya da zare, su rufe, kar a girgiza. Kafin darasin ya ƙare kowa na da kiristal mai fuska takwas. Sannan ƙaramin leza ja da faifan CD: a haska, ɗigo-ɗigo su fito a bango. A canza zuwa DVD, ɗigon su ƙara nisa da juna, domin layukansa sun fi matsewa, 0.74 maikiromita maimakon 1.6. Don Allah kar a bari wani ya haska idon ɗan'uwansa.

Dakta: Gwajin faifan yana da kyau, amma ki gaya musu lissafinsa nλ = d sinθ ne, babu 2 ɗin nan na Bragg. Na taɓa barin wannan a buɗe, na sha mamaki ranar maki.

Ɗalibin Digiri na Uku: Da izinin manya. Akwai manhajoji kyauta: VESTA, da Mercury na cibiyar Cambridge, wadda rumbunta ya haura tsari miliyan ɗaya a 2019, kuma sun ware wani kaso don koyarwa. Fayilolin CIF kuma, masu ɗauke da bayanan tsarin kiristal, ana samunsu kyauta a rumbun intanet na COD (Crystallography Open Database). In an sami bayanan ƙaramin molikul, manhajojin Olex2 tare da SHELX kan warware shi cikin ɗan lokaci a kwamfutar hannu.

Farfesa: Saurin nan shi ne abin da nake tsoro, ɗana. Yaro ya danna maɓalli, hoto ya fito, ya ɗauka na'ura ce ta ɗauko hoton molikul. Alhali na'ura ƙarfin kowane ɗigo kawai take aunawa, ba ta faɗin inda kowace igiyar haske take a hawa da saukarta. Rabin labarin ke nan ya ɓace, sai an farauto shi da lissafi. Ban hana manhaja ba, amma sai mako na huɗu.

Sabuwar Malama: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Kenan ƙwallaye da alif a farko, gishiri da KCl a tsakiya. To 230 ɗin fa? Suna cikin manhajar karatu, kuma mai duba jarrabawa daga waje zai nema.

Farfesa: Ki koyar da guda ɗaya sosai, P2₁/c, shi ya fi yawa a molikul masu kabon. Su karanta alamar harafi-harafi, su nuna min inda kowane juyi da zamewa ke kai atam. Sauran a nuna musu yadda ake duba su a jadawali.

Ɗalibin Digiri na Uku: Malama, ina da fayilolin NaCl da KCl da na asfirin, wanda shi ma P2₁/c ne. Zan turo miki da daddare in sha Allah.